Daga Titin Tsanyawa zuwa Tsakiyar Teku: Wa Ke Ɗaga Kwantena?

(Taken shiri)

MAI GABATARWA: Wannan shi ne filin faɗakarwa. Shirin na yau zai taso daga bakin titin Tsanyawa, ya bi ta Dawanau, ya gangara Legas, sannan ya faɗa teku, inda sojojin ruwa na manyan ƙasashe suka daɗe suna fama da matsala guda: yadda za a ɗauke akwatin ƙarfe mai nauyin tan 30 daga wani jirgi a ɗora shi a kan wani, alhali jiragen biyu suna ta rawa a kan ruwa.

(Kiɗa ya lafa)

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a bakin titin Tsanyawa da sassafe, yakan ji gurnanin tirela tun kafin ya hango ta. Titin nan da ya taso daga Kano ya ratsa Bichi, ya wuce Tsanyawa, ya shiga Kankiya da Katsina har Jibiya da Maraɗi, ba ya rabuwa da manyan motoci. Wasu an shaƙe su da buhuna an lulluɓe da tamfol. Wasu kuma suna ɗauke da dogon akwatin ƙarfe, ja ko shuɗi ko ruwan toka, da manyan haruffa a jikinsa. Kwantena ke nan. Idan ta tsufa sai a yanka mata ƙofa da taga, ta koma kemis ko wurin cajin waya. Sunan ya bi gari har ta kai duk wata 'yar rumfar ƙarfe da mai walda ya haɗa, kwantena ake ce mata, ko da ba ta taɓa jin ƙanshin teku ba.

Kwantenar gaske tana da awo ɗaya a duk duniya. Tsawonta ƙafa 20 ko ƙafa 40, faɗinta ƙafa 8, kuma a kowace kusurwa tana da wani dunƙulen ƙarfe mai rami, inda makullin ƙugiya ke shiga ya murɗa ya riƙe ta. Idan an cika ta har iyakar ƙa'ida, takan kai tan 30, wato nauyin buhun masara 300 masu kilo ɗari-ɗari. Wannan daidaiton awo, wanda aka amince da shi a 1968, shi ya sa akwatin da aka rufe a Shanghai yake zama daram a bayan tirelar da za ta bi ta Tsanyawa, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba.

Dattawan arewacin Kano sun san yadda jigila take kafin zuwan wannan akwati. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma tun daga kakar da ta biyo baya gyaɗa ta zama kuɗi. Manomi ya ɓare, ya auna, ya ɗora wa jaki. Dillali ya tara, a ɗinke buhu. A Kano leburori su ɗauka a ka, su hau su jera, har dalar gyaɗa ɗaya ta ci buhu kusan 15,000. Idan jirgin ƙasa ya zo, a sake saukewa da ka, a loda a tarago. A Apapa ma haka: buhu-buhu za a tara a cikin raga, ƙugiya ta ɗaga ta zura a cikin jirgi, wasu leburorin su jera a can ƙasa. Buhu ɗaya sai ya hau kan mutum biyar ko fiye kafin ya bar Najeriya, jirgin ruwa kuwa yakan shafe kwanaki a tasha yana jiran a gama.

Wani Ba'amurke mai kamfanin manyan motoci, Malcom McLean, wanda shi ma da tuƙi ya fara, shi ne ya karya wannan tsari. Ranar 26 ga Afrilu, 1956, wani tsohon jirgin dakon mai da aka yi wa kwaskwarima, mai suna Ideal X, ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. Da aka yi lissafi, lodin tan ɗaya da hannu yana cin dala 5 da santi 86, lodin tan ɗaya a kwantena kuwa kusan santi 16.

Yaƙi ne ya ƙarasa tallar. A 1965, lokacin da Amurka ta tura dubban sojoji Biyetnam, tashar Saigon ta cushe. Jirage suna jere a ruwa mako da makonni, kaya suna lalacewa, wasu suna ɓata. A 1967 rundunar sojin Amurka ta ba kamfanin McLean, wato Sea-Land, kwangilar kai kaya a kwantena, aka kafa manyan ƙugiyoyi a gaɓar Cam Ranh, cunkoso ya ragu. Da yake jiragen suna komowa fayau, sai McLean ya fara biyawa Japan yana kwaso kayan 'yan kasuwa. Tun daga lokacin soja da ɗan kasuwa suka zama abokan akwati ɗaya. Abincin soja, maganinsa, tantinsa, kayan gyaran motarsa, akasari a irin kwantenar da ke wucewa ta Tsanyawa suke tafiya.

A tashoshin kan tudu, na'ura ta daɗe da karɓe aikin. A 1993 aka buɗe wani sashe na tashar Rotterdam ta ƙasar Holan inda motoci marasa direba ke ɗaukar kwantena daga bakin jirgi su kai ta wurin ajiya, ƙugiya marar matuƙi ta jera. A Disambar 2017 Sin ta buɗe sashe na huɗu na tashar Yangshan a Shanghai, wanda ya fi wancan girma. Mai kallo zai ga fili fetal babu mutum, sai motoci suna kai da kawo, masu lura da su suna zaune a ofis gaban allon kwamfuta. Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki shi ne ƙasa ba ta motsi. Inda aka ajiye akwati jiya, nan za a same shi yau, kuma jirgin da ke bakin tasha an ɗaure shi tamau a ruwa mai kwanciya.

Sojan ruwa ba shi da wannan gata. Inda yaƙi ko bala'i ya kai shi, sau da yawa babu tasha, ko an rusa ta, ko kuma mai ita ya hana shiga.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu ana tare da filin faɗakarwa, kuma yanzu shirin ya iso tsakiyar teku.

Jirgi a kan teku motsi shida yake yi a lokaci guda. Yana yin gaba da baya, yana zamewa hagu da dama, yana hawa sama yana sauka. Yana kuma tangaɗi gefe da gefe, yana sunkuyar da goshi yana ɗagowa, yana karkata kai kamar jakin da ya ƙi hanya. Jirgi biyu kuwa, kowanne da irin rawarsa. A tsakaninsu ga akwati rataye a wayar ƙarfe, shi ma yana lilo. Yarinyar da ta saba jan ruwa a rijiya ta san yadda guga ke kaɗawa ya bugi bango idan hannu ya girgiza kaɗan. To a ƙaddara gugan nan tan 30 ne, bakin rijiyar yana hawa yana sauka, ƙasan rijiyar ma haka. Idan mai ƙugiya ya sauke akwati daidai lokacin da jirgin da ke ƙarƙashinsa ke tasowa, karon zai iya fasa bene ko tsinka waya, ko ya murƙushe wanda ke tsaye kusa.

Saboda haka sojojin ruwa suka ɗauki wata hanya ta daban tun da daɗewa. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirgin dakon mai na Amurka mai suna Maumee ya shayar da ƙananan jiragen yaƙi mai a tsakiyar Tekun Atlantika suna kan hanyarsu ta zuwa Turai. Ɗaya daga cikin jami'an da suka tsara aikin shi ne Chester Nimitz, wanda daga baya ya jagoranci rundunar ruwan Amurka a Tekun Fasifik. Har yau tsarin bai sauya sosai ba: jirage biyu su jera kafaɗa da kafaɗa suna tafiya, tazararsu kimanin mita 50, a harba igiya daga wannan zuwa wancan, a ja wayar ƙarfe a ɗaure, kaya su riƙa zamewa a kanta. Sai dai wayar ba ta ɗaukar abin da ya wuce tan biyu da 'yan kai, sababbin samfuri kuma tan biyar zuwa shida. Dole sai an fasa kwantena a tudu, an rarraba kayan ƙulli-ƙulli. Wato a tsakiyar teku an koma zamanin dalar gyaɗa.

Duniya ta ga ƙarfin igiyar ruwa a 2024. A watan Mayu na shekarar, sojojin Amurka suka kafa wata gada mai iyo a gaɓar Gaza domin sauke kayan agaji daga jirage, aikin da aka ƙiyasta kuɗinsa a kan dala miliyan 230. Ba a yi mako biyu ba ruwa ya ɓalle wani ɓangarenta. Aka gyara, aka mayar, aka sake cirewa saboda iska. Zuwa watan Yuli da aka naɗe ta, kwanakin da ta yi aiki ba su fi kusan ashirin ba.

Maganin da injiniyoyi suka nema yana nan a tsakar gidan kowane manomi. A kama kaza a riƙe ta da hannu biyu, a motsa jikinta sama da ƙasa, hagu da dama. Kanta zai tsaya cak a wuri ɗaya kamar an kafe shi da ƙusa. Idonta da kunnenta na ciki suna jin motsin, wuyanta yana mayar da martani nan take, yana soke duk abin da jiki ya yi. Haka ma mace mai ɗauke da tulu a ka: ƙafa na taka kunya da kwari, wuya na gyarawa, ruwa bai zuba ba.

Ofishin binciken kimiyya na rundunar ruwan Amurka ya ba da kuɗi aka ƙera ƙugiya mai irin wannan wuya, kamfanin Oceaneering ne ya haɗa ta, aka ɗora ta a kan wani jirgi mai suna Flickertail State. An sa mata na'urorin auna motsi da kyamarori. Wasu suna jin rawar jirgin da take kai, wasu suna kallon rawar ɗaya jirgin, wasu suna bin akwatin kansa. Kwamfuta tana haɗa wannan bayani sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, tana umartar injina su ja wannan waya, su saki waccan. Babban hannun ƙugiyar yana kai akwati kusa, wani ƙaramin sashe a ƙarshensa yana yin gyaran ƙarshe, kamar yadda dantse ke kai allura bakin zane, yatsu su soka ta. Sakamakon shi ne akwatin yana bin rawar benen da za a ajiye shi, har ya zauna a hankali kamar a kan tudu.

A 2010 aka gwada ta a Mashigin Tekun Meziko. An sauya wa kwantena 128 jirgi lafiya, a cikin igiyar ruwa mai tsayin da ya kai mita ɗaya. An ciro akwatin da wasu akwatuna suka kewaye, an kuma zura wani a ramin da ke tsakanin 'yan'uwansa. Aikin da kan ci mutum kusan goma da tsohuwar ƙugiya, mutum uku suka yi shi: ɗaya a ɗakin tuƙin ƙugiyar, ɗaya a kan kowane jirgi. Ƙugiyar ta gwaji ce, kuma igiyar mita ɗaya wasan yara ce a wurin teku idan ya fusata. Amma dabarar soke motsin ruwa ta zama ruwan dare a jiragen da ke hidimar rijiyoyin mai na cikin teku, inda ake sauke manyan injina zuwa ƙasan ruwa.

Shigar kaya cikin jirgi rabin aiki ne. Jirgin yaƙi gida ne mai benaye da yawa, da lunguna, da ƙofofin ƙarfe da dole su kasance a rufe saboda gobara da ambaliya. Jirgin Birtaniya mai dakon jiragen sama, HMS Queen Elizabeth, wanda ya fara aiki a Disambar 2017, yana da wasu kurayen ƙarfe guda 56 da kamfanin Babcock ya ƙera. Suna bin layin dogo a can cikin jirgin, kamar gafiya a raminta, su ɗauko makamai daga rumbu su kai bakin lifta, wani jami'i yana sarrafa su daga nesa. Irin waɗannan na'urori na cikin dalilan da suka sa aka tsara jirgin mai nauyin tan 65,000 da ma'aikata kusan 700 kawai, ban da masu kula da jiragen sama. Manyan jiragen Amurka samfurin Nimitz, waɗanda suka fi shi girma, suna ɗaukar sama da mutum 3,000 a wannan ɓangare.

Amurka ma ta gwada tata, ta kuma ɗanɗana kuɗarta. Jirginta USS Gerald R. Ford, wanda ya ci kusan dala biliyan 13, an yi masa lifta 11 na ɗaukar makamai, masu aiki da ƙarfin maganaɗisu a maimakon waya, kowace tana ɗaga kusan tan 11. Lokacin da aka ƙaddamar da jirgin a Yulin 2017, ko ɗaya ba ta shirya ba. Ƙofofi da ƙyaurayen da lifta ke ratsawa sun ƙi daidaituwa da manhajar da ke sarrafa su. Sai a Disambar 2021 aka miƙa ta ƙarshe, bayan shekara huɗu ana gyara, 'yan majalisa suna ta faɗa.

(Gajeren kiɗa)

To ina Najeriya a cikin wannan labari?

A watan Mayun 2022 wani sabon jirgin rundunar sojin ruwan Najeriya ya iso Legas daga Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda kamfanin Damen ya ƙera shi. Sunansa na Hausa ne: NNS Kada. Sunan ya dace da shi, domin kamar kada yake, yana iya matsowa har bakin yashi ya buɗe baki, motoci su fito ta gangaren da ke goshinsa. Tsawonsa mita 100, yana ɗaukar soja 250 ban da ma'aikatansa, yana da filin saukar jirgi mai saukar ungulu, da ƙugiya mai ɗaga tan 25. Ƙugiyar Kada mutum ne ke tuƙa ta da hannunsa da idonsa. A cikin shekarar da ya iso, jirgin ya kai kayan aikin sojojin Najeriya ƙasar Gini Bisau, inda ƙungiyar ECOWAS ta tura dakarun kwantar da tarzoma.

Wani ɓangare na labarin kuma yana kusa da gida. A 2021, zamanin da Vice Admiral Awwal Zubairu Gambo ke shugabantar rundunar, aka sanar da cewa sojin ruwa za su kafa sansani a Jihar Kano. Surutu ya tashi a faɗin ƙasa. Masu barkwanci suna tambayar ina ruwan Kano da sojan ruwa, ko a dam ɗin Tiga za a ajiye jiragen. Abin da aka kafa a ƙarshe kwaleji ce a Dawakin Tofa, ta horar da jami'an da ke kula da kayan aiki da jigilarsu: saye, ajiya, lissafi, da kai kowane abu inda ake bukatarsa a kan lokaci. Wannan ilimi ba ya bukatar teku a bakin ƙofa. Ko ƙugiyar da ta fi kowace wayo ba ta san abin da ke cikin akwati ba. Sai wani ya rubuta cewa magani yana cikin na uku daga ƙasa, kuma shi ake so a fara fitarwa kafin tayoyin mota.

A wannan ƙaramar hukuma ta Dawakin Tofa kasuwar Dawanau take, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Daga nan riɗi ke tafiya Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo ya nufi Meziko, duk a kwantena. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar ruwa mai zurfi ta Lekki a Legas, ya kuma zo Kano ya buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a Kumbotso, domin ɗan kasuwa ya rufe akwatinsa, jami'an kwastan su duba a gida, maimakon ya bi kayansa tafiyar kusan kilomita 1,000. Kaduna ta samu tata tun 2018, Funtuwa kuma a 2024.

Amma wanda ya shiga Dawanau ranar da kasuwa ta cika zai ga cewa buhun da zai shiga wannan akwati, a kafaɗar ɗan dako yake shiga. Matasa ne majiya ƙarfi, da yawansu 'yan cin rani daga ƙauyuka, suna hawa katako da buhu a wuya, ana biyansu buhu-buhu. Tsoron da na'ura ke jefawa a zuciyar irin waɗannan ma'aikata ba na Najeriya kaɗai ba ne. A Oktobar 2024 dubban ma'aikatan tashoshin ruwa na gabashin Amurka sun yi yajin aiki na kwana uku, kuma bayan batun albashi, babbar bukatarsu ita ce a taka wa na'urori masu sarrafa kansu birki. A tashoshin da na'ura ta shiga, masu ɗauka sun ragu, an kuma buɗe gurabe ga masu gyaran lantarki, masu walda, makanikan injin mai aiki da matsin mai, da masu karanta allon kwamfuta. Jirgin Ford ya nuna irin tsadar rashin waɗannan hannaye: lifta ta tsaya, jirgin dala biliyan 13 ya jira.

Yaron da ke zaune a benci a makarantar sakandare a Tsanyawa, wanda da yamma yake taya mai gyaran babur kwance kafireto, yana iya ganin iyakar abin daga bakin titi. Tirela za ta wuce da akwati ja, lambobinsa a rubuce a ƙofa: haruffa huɗu, sai alƙaluma bakwai. Da waɗannan lambobi kwamfutar Lekki da ta Rotterdam da ta Shanghai suke gane shi, da su kuma jami'in da aka horar a Dawakin Tofa zai neme shi a cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa.

(Taken shiri ya fara tashi a hankali)

Jama'a masu sauraro, a nan shirin na yau ya kawo ƙarshe.   

(Taken rufewa)